GULABE DA ITATUWA DA NAMUN DAJIN ƘASAR GOBIR

Bayani domin Hakimai da Malamansu na Sabon Birni da Isa

1. Dalilin wannan takarda

Sau da yawa baƙi su kan zo fadar Hakimi, ko su aiko da takarda, suna neman labarin abin da ke cikin dajin ƙasarsa. Waɗansu 'yan makaranta ne da malamansu, waɗansu ma'aikatan daji ne, waɗansu kuwa masu bincike ne daga jami'o'i. Tambayoyinsu ba su cika wuce uku ba. Ta fari, ko akwai matsirgar ruwa a ƙasar, watau wurin da kogi ya ke faɗowa daga kan dutse. Ta biyu, waɗanne itatuwa ne na asalin ƙasar. Ta uku, waɗanne namun daji ne suka saura, kuma ina a ke ganinsu.

Amsar da aka bayar a fada ba ƙaramin abu ba ce, gama ita ce ta kan shiga takardun Gwamnati, a yi aiki da ita shekara da shekaru. In aka ce akwai abin da babu, an ɓata wa baƙo tafiya, an kuma zubar da girman fada. In kuwa aka ce babu abin da ke akwai, to, ranar da za a yanka daji a raba gonaki, ko a ba da izinin saran itace, ba wanda zai tsaya wa wurin, tun da ya ke ba a rubuta kome game da shi ba. Saboda haka aka tattara wannan bayani, domin Hakimi da malaminsa su sami abin dogara.

2. Gulaben ƙasar

Ƙasar Sabon Birni da ta Isa suna gabashin Jihar Sakkwato. Daga arewa sun yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, daga kudu kuma da Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996. Iyakar nan ta arewa Ingila da Faransa ne suka shata ta, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Amma ruwa da tsuntsu da naman daji ba su san da ita ba, don haka ba a iya bayanin dajin Gobir ta Nijeriya sai an haɗa da na Tsibiri da Maraɗi.

Gulbin Rima shi ne uban ruwayen ƙasar, kuma a nan ya ke haɗa jikinsa. Gagare ya ratso ƙasar Zamfara, ya biyo ta Ƙauran Namoda. Bunsuru ya taso daga ƙasar Katsina. Su biyun suka gamu a yankin Isa, suka nufi arewa. Na ukun shi ne Gulbin Maraɗi, wanda tafiyarsa ta ke da ban mamaki: ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya, ya faɗa Rima a ƙasar Sabon Birni. Daga nan Rima ya juya yamma, ya bi ta Goronyo da Wurno, ya gamu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato. Ruwan ya ci gaba ta Argungu da Birnin Kebbi har ya shiga Kwara.

Ruwan sama a wannan yanki ya kan kama daga milimita 500 zuwa 700 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sabili da haka gulaben nan na damina ne. A watan Agusta su kan cika su malala cikin fadamu, da rani kuwa sai rairayi da 'yan tafkuna, a haƙa rairayin a sami ruwa. An kuma gina madatsai da suka sāke musu hali: ta Zobe a kan Karaduwa, wanda ke shiga Bunsuru, an gama ta a 1983; ta Jibiya a saman Gulbin Maraɗi; da ta Goronyo a kan Rima kansa, wadda aka gama a 1984, aka yi bukin buɗe ta a 1992. A damanar 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya ci garuruwa da gonaki masu yawa a bakin Rima.

3. Abin da ya sa babu matsirga

Amsar tambaya ta fari ita ce, babu matsirgar ruwa mai gudu rani da damina a ƙasar Sabon Birni ko ta Isa. Ya kamata malami ya san dalili, domin ya iya ba da bayani mai gamsarwa.

Matsirga ba ta samuwa sai abu biyu sun haɗu. Na ɗaya, dutse mai tauri ya gicciye hanyar kogi, a ƙarƙashinsa ko gabansa kuma a sami ƙasa mai laushi. Ruwa ya yi ta cin mai laushin, mai taurin ya ƙi ciyuwa, har a sami gangare mai tsayi. Na biyu, a sami ruwa isasshe da zai riƙa zuba. Ƙasar Gobir ba ta da ko ɗaya. Ƙarƙashinta rairayi ne da yumɓu da tsakuwa, waɗanda ruwa ya shimfiɗa tun zamani mai nisa, har masana duwatsu suka sa wa wannan shimfiɗa sunan Gundumi, dajin nan da ke yamma da Isa. Kogi in ya sami irin wannan ƙasa, faɗi ya ke yi, ya yi ta karkace-karkace yana sauya kwana.

A yamma kaɗan ma, masana sun tabbatar teku ta taɓa rufe ƙasar fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce. A tuddan da ke wajen Goronyo da Dukamaje an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da guza. An fara bayaninta a 1930, a 1972 kuma aka raɗa mata suna da sunan Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina da a ke yin siminti da ita a Sakkwato, ita ma ragowar wannan teku ce.

Mai son ganin matsirga sai ya nufi kudu, inda tsaunuka su ke, ruwan sama kuma ya ninka na Gobir sau biyu ko fiye. Akwai Matsirga kusa da Kafancan a Jihar Kaduna, wadda ruwanta ke fitowa daga duwatsun Kagoro. Akwai Gurara a Jihar Neja, kusa da hanyar Suleja zuwa Minna, tsayinta kamar mita 30. Akwai Asob a gindin tsaunin Jos. Akwai kuma Farin Ruwa a ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa, tsayinta kamar mita 150, watau ta fi shahararriyar matsirgar Biktoriya ta kogin Zambezi tsayi, ko da ya ke ba ta kama ƙafarta wajen yawan ruwa ba. Duka sun fi kyan gani a ƙarshen damina.

Amma fa akwai wani abu da ya ke kama da matsirga a ƙasar Gobir, wanda bai kamata a yi murna da shi ba. Bayan ruwa mai ƙarfi, a kan ga ƙorama tana zubowa daga bakin fako zuwa cikin kwazazzabo, ta yi sa'a biyu ko uku ta ɗauke. Wannan zaizaya ce. Kan kwazazzabon kowace shekara baya ya ke ja, yana cin gona da hanya da maƙabarta. Inda aka gan shi, alama ce an sare itatuwan da ke riƙe da ƙasar tudun. Wajibi ne Dagaci ya sanar, malami ya rubuta, a kai wa Ƙaramar Hukuma tun ramin bai fi ƙarfin duwatsu da shuke-shuke ba.

4. Itatuwan ƙasar

Dajin Gobir dajin ƙaya ne da ciyawa, itatuwansa a warwatse. An fi gane shi in aka kasa shi uku: na jigawa, na fako, da na fadama.

A jigawa, inda a ke noman gero da wake, sarkin itatuwa shi ne gawo. Halinsa ya saɓa wa na sauran: da damina ya ke kaɗe ganye, da rani ya tofo. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani dabbobi su kan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. An ruwaito cewa Sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 sun hana saransa, suka sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya taɓa shi. Tare da gawo akwai kuka mai ba da miya da igiya, da tsamiya, da aduwa, da magarya, da kurna, da ɗanya, da kalgo. Ƙirya kuwa, saboda taurinta, ita maƙera su ke so wajen gawayi, masassaƙa kuma wajen turmi da taɓarya, shi ya sa ta ke cikin waɗanda suka fi saurin ƙarewa.

A fako, inda ƙasa ta ke da tauri da marmara, sai geza da sabara da anza da farar ƙaya da dakwara mai ba da ƙaro. Mutane su kan rena waɗannan, su ce sarƙaƙƙiya ce kawai. Amma su ne makarin iska da zaizaya, su ne kiwon awaki da raƙuma, su ne kuma maɓoyar zomo da zabon daji. Anza ma ta ceci rayuka a shekarun yunwa, sa'ad da a ke jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki a fitar da ɗacin a ci.

A fadama da bakin gulbi akwai giyayya mai jure tsayawa cikin ruwa, da kanya, da ɗinya, da goriba wadda a ke saƙa tabarma da kabarta, da giginya wadda a ke azara da ita. Akwai kuma bagaruwa, wadda majema su ke jimar fata da 'ya'yanta. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta ke isa gare su. Cikin tafkuna kuwa akwai bado da kainuwa.

Dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, ba ɗan ƙasa ba ne. Daga ƙasar Hindu ya fito, an kawo shi Barno a 1928, daga baya ya bazu ko'ina. Yana da amfani wajen inuwa da makarin iska, amma ba ya maye gurbin gawo a gona, ba ya kuma ba da abin da kuka ko aduwa ke bayarwa. Malami in zai lissafa itatuwan asali, kada ya sa shi a ciki.

5. Namun daji, da da yanzu

Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da a ke gamuwa da zaki da giwa da raƙumin dawa da jimina da gwanki a dazuzzukan da ke tsakanin Gobir da Zamfara da Katsina. Wannan ba tatsuniya ba ce, kuma dalilin yawansu yana cikin tarihi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa ke ƙasar Sabon Birni, ta faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga bisani kuma Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Cikin waɗannan shekaru na hare-hare mutane sun tattaru a garuruwa masu ganuwa, suka bar manyan filaye ba kowa. Dajin Gundumi yana cikinsu. Baturen nan matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Wurno da Sakkwato, ayarinsa ya yi tafiyar sa'a 26 ba zango, saboda rashin ruwa da tsoron mahara. Inda mutum ba ya iya zama, nan naman daji ya ke yaɗuwa.

Da aka daina yaƙe-yaƙe a farkon ƙarni na 20, mutane suka fito suka kafa ƙauyuka da tungaye, gonaki suka yi ta cin daji. Bindiga ta yawaita. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka kashe itatuwa da tafkuna masu yawa. Birane suka buɗe baki suna neman itacen girki da gawayi. Manyan namun nan duka sun ƙare a wannan yanki, kada a gaya wa baƙo zai gan su.

Waɗanda suka saura ƙanana ne, yawancinsu kuma da dare su ke fita: dila, yanyawa, zomo, kurege, bushiya, beguwa, tunku, da jan biri a inda sarƙaƙƙiya ta rage. Gada da barewa da kura sun yi wuyar gani ƙwarai. Akwai damo a tudu, da guza da kififiya a bakin ruwa. Cikin macizai akwai mesa da kasa da gamsheƙa da kububuwa. Kububuwa ƙarama ce, amma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a ƙasashen nan, gama dafinta hana jini daskarewa ya ke yi.

6. Tsuntsaye da kifi

Abin da ƙasar Gobir za ta nuna wa baƙo ba kunya shi ne tsuntsaye. Shamuwa ta kan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, da kaka kuma ta ƙetara zuwa kudancin Afirka inda a lokacin a ke ruwa. Tana cin fara da tsutsotsin gona, don haka al'adar da ta hana taɓa ta al'ada ce mai hikima. Da shigowar ɗari kuma waɗansu tsuntsayen ruwa su kan zo daga Turai, sun ƙetare teku da Sahara, su sauka a fadamun Rima da tafkin Goronyo da na Madarunfa, su zauna har bazara. Tare da su akwai 'yan gida: belbela, zalɓe, dinya, kirinjijiya. A tudu akwai fakara, zabon daji, cilakowa, hasbiya, kurciya, shirwa da shaho.

Tsuntsu biyu suna bukatar kulawa ta musamman. Gauraka, wadda a ke ɗauka ita ce tsuntsuwar Nijeriya, ta kusa ɓacewa daga ƙasar saboda kama ta da a ke yi ana sayarwa, da kuma bushewar fadamun da ta ke ƙwai. Ungulu kuwa, wadda da ba a rasa ta a kowace mahauta, a 2015 an sa ta cikin jerin tsuntsayen duniya da ke bakin ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta. Ita ce ke share mushe kafin ya yaɗa cuta. Garin da har yanzu ya ke da ungulu ko gauraka, ya kamata a rubuta sunansa, a kuma hana taɓa itacen da su ke kwana.

Jan baki shi ne abokin gābar manomi. In aka ga inda ya ke taruwa yana sheƙa cikin ƙaya kusa da fadama, a gaggauta sanar da malamin gona tun gero da shinkafa ba su yi ido ba.

Cikin gulbi akwai tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da gaiwa, wadda ta kan shige cikin laka ta yi rani a can har ruwa ya komo. Kifi cikin fadamar da ruwa ya malala ya ke hayayyafa. Tarun da ya cika ƙanƙantar ido, da zuba magani a tafki, su ne ke kashe kifin baɗi. Dokar Sarkin Ruwa ta rufe tafki sai ranar su, ita ce maganin wannan, ya kamata Hakimi ya ɗaure mata gindi.

7. Abin da maƙwabta suka yi

Kada a ce abin da ya tafi ba ya komowa, gama an ga misali a ƙetaren iyaka. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka fara abin da a ke kira sassaben zamani. Wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da a ke sassabewa kowace bazara suna da rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Dabarar ita ce, maimakon a share tohon duka a ƙone, sai a zaɓi rassa uku ko biyar mafiya ƙarfi a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Cikin shekara ashirin da 'yan kai aka ƙiyasta an rayar da itatuwa kamar miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya ƙarfafa wa manoma gwiwa shi ne da suka tabbata itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne. Ƙasar Maraɗi da ta Sabon Birni iri ɗaya ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya.

Haka kuma raƙuman dawa na Afirka ta Yamma. A 1996 saura kamar 50 kaɗai a duniya, duka a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka hana farautarsu, mutanen ƙauyuka kuma suka ga amfanin baƙin da ke zuwa kallo, sai suka ƙaru har suka wuce 600. A 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun dajin Gadabeji, arewa da Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955.

8. Ziyara da sharuɗɗanta

Lokacin da ya fi dacewa da ganin ciyayi da furanni shi ne Satumba da Oktoba, kafin daji ya bushe. Na tsuntsayen ruwa kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da sassafe ko da la'asar a ke fita, gama da tsakar rana kome ya ɓuya.

Amma akwai magana mai nauyi da ta sha gaban wannan. Daga 2019 'yan bindiga suka tsananta hare-hare a ƙasashen Sabon Birni da Isa, suka mai da dazuzzuka maɓoyarsu, aka yi hasarar rayuka da dukiya, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa ƙasar Maraɗi. Saboda haka kada Hakimi ya ba kowane baƙo izinin shiga daji, ko ya haɗa shi da ɗan rakiya, sai jami'an tsaro da Ƙaramar Hukuma sun tabbatar a rubuce cewa wurin da hanyarsa lafiya su ke a wannan rana. Rai ya fi kallo. In hali bai yi ba, a nuna wa baƙo abin da ke cikin gari da gefensa, a kuma zaunar da shi tare da tsofaffin maharba da masunta da makiyaya, waɗanda iliminsu ya fi abin da zai gani da idonsa a yini guda.

In an sami izini, sharuɗɗan su ne: baƙo ya fara gaisuwa a fada, a rubuta sunansa da inda za shi. Ya tafi da wanda ya san wurin. Kada ya ɗauki bindiga, kada ya kwashe ƙwai, kada ya kunna wuta. Ya sa takalmi mai rufe ƙafa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a kwantar da shi a kai shi asibiti nan da nan. Kada a yi wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Kada a ƙetare gulbi in ya kawo, sai da jirgi da izinin Sarkin Ruwa. Kufai da maƙabartu irin na Alƙalawa a girmama su, kada a tona, kada a ɗauki kome.

9. Aikin Hakimi da malaminsa

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 gandayen daji sun fita daga hannun En'e, Dokar Ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasa a hannun Gwamnan Jiha. Tsohuwar Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963 da ta makiyayai a 1965, Gwamnatin Tarayya kuma ta yi dokar kāre dabbobin da ke bakin ƙarewa a 1985. Amma doka tana takarda, daji kuwa yana ƙasar Hakimi. Shi ya san inda burtali ya bi, shi a ke kawo wa ƙarar gona, maganarsa ce talakawa su ke ji.

Abin da a ke roƙo shi ne kowace gunduma ta buɗe littafin daji. Malami ya rubuta sunan kowane tafki da fadama da ƙorama, da watan da ya ke ƙafewa. Ya rubuta iyakokin gandun daji da makiyaya da burtali da mashaya, da alamominsu, da sunayen dattawan da suka shaida. Ya rubuta manyan itatuwan da aka sani da suna, da kowane kwazazzabo da nisan da ya ci a shekara. Ya rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar ruwan shuka, da ranar da gulbi ya kawo. Naman daji ko tsuntsun da ba a saba gani ba, a rubuta wanda ya gan shi, da wurin, da ranar, a kuma bambanta abin da aka gani da abin da aka ji. Sunan itace ko dabba a rubuta shi yadda Gobirawa su ke faɗinsa, in Fulani ko Buzaye suna da nasu sunan a ƙara.

Wannan littafi ba ya cin kuɗi, amma ranar da aka tashi rikicin iyaka tsakanin manomi da makiyayi, ko aka zo da aikin dashen itatuwa irin na Babbar Ganuwar Itatuwa da ƙasashen Afirka suka amince da ita a 2007, wadda Jihar Sakkwato ke cikinta, gundumar da ke da shi ita za a fara saurara. Mutanen da suka bar garuruwansu kuma, in Allah ya kawo zaman lafiya suka komo, da shi za a gane inda gona ta tsaya, inda daji ya fara.

Ana fatan kowane Hakimi zai sa a karanta wannan takarda a gaban Dagatai da masu unguwanni, ya kuma umurci malaminsa ya buɗe littafin kafin faɗuwar damina mai zuwa.